Furen Bayan Gonar Baba

Difa, 3 ga Yuli, 2017

Zuwa ga Yaya Labaran,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Ramla da yara da mutanen Damagaram. Mu ma alhamdu lillahi, sai dai Baba.

Tun da ruwan farko ya sauka ya rage cin abinci. Ka tuna furen nan da yake kira gatarin kurege, mai ruwan hoda, wanda ke fitowa ƙarƙashin tsamiyoyin bayan gonarmu ta tattasai a Geskeru, ƙauyenmu da muka baro saboda rikici? Wai duk tsawon kogin Komadugu bai san inda yake fitowa ba sai nan, don inuwa yake so da ruɓaɓɓen ganye. To, wani ya gaya masa a kasuwa cewa masu itace sun fara sare tsamiyoyin. Na tuna masa soji sun hana zuwa bakin kogi, kuma kogin bai kawo ruwa ba, ƴan bindiga da ƙafa suke tsallakowa. Tsorona kada ya tafi can.

Ka kira shi, ya fi jin maganarka.

Ƙanwarka, Kubra

Difa, 7 ga Yuli

Yaya,

Ina gaishe ku duka. Layin waya ya ƙi, shi ya sa na ba direba wannan.

Baba ya tafi. Shekaranjiya na dawo daga ɗiban ruwa na tarar babu shi, babu adda, babu buhu. Maƙwabciyarmu Ya Fanna ta ce ta gan shi yana shiga motar Geskeru, ta ɗauka ni na aike shi. Na je ofishin jandarma, na je gidan likita, ba labari. Addar nan ta fi damuna. Wane soja zai ga mutum da adda a bakin kogi ya tsaya tambaya?

Ku taya mu addu'a.

Kubra

Difa, 10 ga Yuli

Yaya Labaran,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka kwantar da hankalinka, Baba ya dawo jiya, ƙafafu a kumbure. Soji ne suka tsare shi kwana biyu a hanyar dawowa, sai da bulama, mai garin ƙauyenmu, ya je ya shaide shi.

Tsamiya uku suka rage cikin bakwai. Ya ce ya sami fure goma sha ɗaya. Ya tona guda don ya kawo gida, da ya ga yadda saiwar ta kama ƙasar wurin sai ya mayar ya rufe, ya sari ƙaya ya kewaye su. Buhun wayam ya dawo da shi.

Na ɗaga masa murya, Allah ya yafe mini. Sai ya ce shi ya ga yadda wanda aka tumɓuke daga wurinsa yake lalacewa, ba zai yi wa fure haka ba. Ya yi hawaye, Yaya, a gabana.

Yanzu cewa yake shingen ba zai jure iska ba, sai an ƙara. Na ɓoye takalmansa a ɗakin Ya Fanna. Yau da safe na same shi a gindin bango yana ɗinke tsofaffin da na jefar.

Don Allah ka taho cikin satin nan.

Taka har kullum,
Kubra