Inna, tsuntsayen tafkinmu na gan su a bakin teku

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. Na san takardar nan ba za ta iske ki ba, amma akwai maganar da ke kaɗai nake son in gaya wa.

Kin tuna tafkin da ke gabas da garinmu, cikin kwarin Tarka? Bayan kaka, in ruwa ya fara ja, ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu sukan sauka suna tsattsagar laka da baki. Ba shamuwa ba ne, ba balbela ba, mu ma ba mu san sunansu ba. In muka ɗauko danƙo sai ki ce, "Ku bar su su ci, daga nesa suke, kuma gabansu da sauran tafiya." Muna ɗauka faɗa ce irin ta iyaye.

Bayan rasuwarki na shiga tuƙin kamyo, babbar motar kaya, ina kai albasa Kwatano. Wata safiya muna jiran a sauke kaya, na taka bayan gari inda ruwan teku ke shigowa ya kwanta cikin fadama. Inna, sai ga su. Su ɗin dai, da ƴar tafiyarsu ta sauri. Na daɗe tsaye.

Wani masunci ya ce mini daga can arewa suke ƙetaro Sahara, suna yada zango daga ruwa zuwa ruwa. Ya nuna mini inda ake zuba yashi cikin fadamar ana gina gidaje. Ya ce shi da ƴan'uwansa suna ta kai kuka a bar musu abin da ya saura, don kifinsu ma nan yake haihuwa.

Da na dawo gida na tarar ƙanena Laminu ya sayi injin ban ruwa, ya kafa shingen lambu har cikin laka. Wasu suka bi sahunsa. Bara tun sanyi bai kai rabi ba tafkin ya ƙafe. Fulani suka kora shanunsu gaba, tsuntsayen kuma ko sauka ba su yi ba.

Ban ga laifinsa ba, Inna. Gero bai yi ba, ga yara a gida. Amma da aka taru a ƙofar mai gari kan batun tafkin na miƙe na faɗi abin da na gani a bakin teku, na faɗi maganarki. Wasu suka yi dariya. Wani dattijo cikin makiyaya ya goya mini baya. A ƙarshe aka tsaya kan cewa in ruwa ya ja ya kai gindin tsohuwar bagaruwar nan ta bakin tafki, a kashe injuna, kowa ya koma rijiya. Laminu ya tashi bai yi mini sallama ba. Ya daɗe ba ya shigowa gidana, abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Na ajiye tuƙi na ɗan lokaci, na je na taya shi haƙar rijiya. Muna aiki, magana sai ta dole.

Bana ruwa ya kai mu har ƙarshen sanyi, kuma tsuntsayen sun sauka, ko da yake ba su kai na zamaninki yawa ba. Shekaranjiya na bi ta lambunsa na iske ya tumɓuke shingen da kansa, ya ja shi baya. Ya miƙo mini kankana, ya ce in kai wa yara. Na karɓa na kama hanyar gida.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya shayar da ke daga tafkin Alkausara, Ya haɗa kanmu a bayanki.

Ɗanki mai kewarki,
Ma'azu