Kwalbar Mama a Bayan Mita

Yaya Bulus,

Haka ake bar wa ƙane mashin a tafi Fatakwal ba wani bayani? To, sannu. Ya aiki, ya Anti Rahila da yara? Mu nan Kafanchan lafiya, sai dai kunya.

Babban mashin ɗin nan ya fara ƙaraf-ƙaraf a bayan mita, musamman in na hau hanyar Manchok. Na ɗaure duk wani noti, na cusa roba, na karanta duk abin da na samu a waya, ƙara na nan. Sau uku ina kai wa Baba Yohanna makanike, yana cewa, "Ɗana, bar shi, ba ciwo ba ne." Ran Asabar na ce masa a gaban 'yan acaba, "Baba, in tsufa ya cinye kunnenka, rufe shago!" Sai ya ajiye sifana.

Na kwance murfin mitar da kaina. 'Yar kwalbar man zaitun na tarar, irin wanda fasto ke yi wa addu'a, ɗaure da ƙyallen zanin Mama. Ɗaurin ne ya saki. Matar Baba Yohanna ta ce Mama ce, kafin ta rasu, ta roƙe shi ya ɓoye ta a mashin ɗin, don ta san zan yi dariya in jefar.

Na je ba da haƙuri, ya ce in gaida gida kawai. Ku sa ni a addu'a. Ka gaida Kawu Ishaya.

Amma kai, ka sani ko ba ka sani ba? Kada ka kira ni. Ka amsa a zauren wasaf na iyali, kowa ya karanta.

Ƙanenka,
Danladi