Takalmin Baba

Talata, 13 ga Agusta, 2019, Salaga

Gobe za mu fita ziyarar bayan Sallah, ni da Baba da yarana. Yendi tukuna, sannan Bawku wajen Goggo Salimatu, ƙanwarsa. Na sa an kawo masa sabon sau-ciki daga Kumasi, da tsinken tsintsiya na auna ƙafarsa da sassafe na aika. Tsohon takalminsa mai faci kuwa na cusa shi bayan buhun gari. Haba! A ce ina raye ubana ya shiga dangi da wannan abin? Da ya nema na ce ban gani ba.

Laraba, 14 ga Agusta, Yendi

Kowa sai yaba takalmin yake, ni kuma kaina sai kumbura yake. Baba ya ƙi hawa yelo-yelo, keken haya mai ƙafa uku, wai zumunta a ƙafa take. Gida-gida muka bi cikin taɓo har la'asar.

Juma'a, 16 ga Agusta, Yendi

Yana ɗan ɗingishi. Na tambaya, ya ce tsufa ne. Na yarda, domin abin da nake so in ji ke nan.

Asabar, 17 ga Agusta, Bawku

Innalillahi. A ƙofar ɗakin Goggo ya tuɓe takalmi, safa ta manne da diddige. Bororo ya tashi ya fashe, duk jini. Goggo ta dube ni: "Zuweira, mai ciwon suga kika sa wa sabon takalmi ya yini yana yawo?" A gaban kowa. Na rasa inda zan sa kaina.

Litinin, 19 ga Agusta, Bawku

Asibiti. Nas ta ce in ciwon ya ci gaba ana iya kaiwa ga yanke ƙafar. Ta ce ƙafa kumbura take da tafiya, da yamma ake auna ta, kuma ba a fara doguwar tafiya da sabon takalmi. Ni da tsinkena na safe! Tsoro nake ji, wallahi.

Lahadi, 1 ga Satumba, Salaga

Mun dawo. Ciwon ya fara kamewa, Alhamdulillahi. Ina wanke masa ƙafar, kai a sunkuye, sai ya ce, "Zuweira, in kin gama ɗauko min tsohon nan a bayan buhun gari." Ashe ya ga lokacin da na ɓoye. Na ce to Baba, me ya sa ba ka yi magana ba? Ya ce, "Na ga kina son ki fita kunya a cikin dangi."

Na kai wa Sha'aban mai gyaran takalmi ya ƙara masa faci. A hannu na riƙo shi ta tsakiyar kasuwa, ban sa a leda ba.