Goma ga Rajab

Voi, Kenya
2 ga Satumba, 1968

Zuwa ga mahaifiyata Inna Dela,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa gare ki, da Yaya Zakiya, da mutanen unguwarmu Hindawiyya baki ɗaya.

Ummi, sai da na karanta wasiƙarki sau uku kafin na yarda hannunki ne. Ashe karatun da kike zuwa wurin Malama Madina ya kama. Mai rubutun ƙofar gidan waya ya daina jin sirrinmu ke nan.

Ina nan ina tuƙa Turawa cikin dajin Tsavo suna ɗaukar hoton namun daji. Giwayen nan jajaye ne saboda jar ƙasar da suke watsa wa jikinsu. Jiya karkanda ta bi motarmu, Baturiyar da ke bayana ta shaƙe mini wuya har na kusa sakin sitiyari. Da sassafe akan hango wani dutse mai ƙanƙara a ka, mu kuwa muna ƙasa muna zufa. Ga bishiyar kuka ko'ina, irin wadda kike ba mu labari.

Kada takardar fita da dawowa ta dame ki. Shekara guda aka ba ni, na bar Jidda sha huɗu ga Oktoba. Akwai jirgin ruwan da zai taso daga Mombasa ya iso goma ga wata, da saura kwana huɗu ke nan. Gobe za mu shiga daji na sati uku.

Ki sa ni a addu'a.
Autanki, Rafi'u

*

Jidda
18 ga Jimada Sani, 1388

Rafi'u,

Bayan gaisuwa da sa albarka. Muna lafiya, amma hankalina ba ya jikina.

Ni ban san Oktoba ba. Abin da na sani, ka tafi goma ga Rajab, domin ina azumi ranar, a bakin tasha na sha ruwa. Na kai wasiƙarka shagon Abdulghani, yana da kalanda mai wata biyu. Ya sa yatsa ya nuna mini: goma ga Rajab na bana uku ga Oktoba ne. Ya ce shekararmu ta fi ta Nasara gajarta da kwana sha ɗaya, kuma da tamu hukuma take lissafi. Jirginka zai makara da sati guda.

Ka bar giwayen nan ka taso yanzu. A nan aka haife ka, amma takardarka ta Sudan ce, ta babanka. Idan ta nan ta mutu ba ka da ƙofa.

Allah ya tsare.
Mahaifiyarka, Dela

*

Jidda
1 ga Rajab, 1388

Rafi'u,

Ina gaishe ka. Jiya aka ga wata. Mutane suna ta yi wa juna barka, ni na shiga ɗaki.

Na je wurin kafilinka Othman, maigidan da ya tsaya maka a takarda, sau biyu. Na farko aka ce yana barci. Na biyu ya ba ni shayi, ya ce: "Ya Hajja, ba a ƙara wa'adi mutum yana waje. In ya wuce, halas, shi ke nan." Na ce masa tun kana shekara sha huɗu kake gyara masa mota. Ya ce ya sani.

Zakiya ta buga tangarahu zuwa ofishinku. Shiru. Ita ta ce daji ne kawai, ni kuma ina ganin zaki duk sanda na rufe ido. Ban san wanne zan ji wa tsoro ba, dabba ko takarda.

Ka amsa ko da layi ɗaya ne.
Dela

*

Cikin jirgi, tashar Jidda
10 ga Oktoba

Ummi,

Assalamu alaikum. Ina raye, ba abin da ya taɓa ni.

Turawan sun ƙara sati a daji don ba su ga damisa ba. Sai ɗaya ga Oktoba na fito, na tarar da wasiƙunki biyu da tangarahu a aljihun tebur. Jirgin sama na satin ya riga ya tashi. Na hau na ruwa ina cewa ko za a duba mini.

Da muka iso, ma'aikacin tasha ya buɗe takardar, ya ce "intahat", ta ƙare. Na yi masa magana da Larabcin unguwa, na gaya masa sunan layinmu. Ya ce ya ji, amma ba zan sauka ba. Gobe bayan la'asar jirgin zai wuce Bur Sudan, can za a ajiye ni. Ban san kowa a can ba.

Daga nan ina hango rufin gidaje. Bawa ɗan dako, maƙwabcinmu, shi zai kawo miki wannan. Ki yafe mini, Ummi.

Rafi'u

*

Rafi'u,

Na yafe. Ba a barin mu shiga tasha, amma Bawa ya nuna mini wata katanga ta kudu inda ake ganin jirage suna fita. Zan tsaya can tun azahar.

Idona ba ya kai nisa yanzu. Ka sa farar riga, ka tsaya a bayan jirgin kai kaɗai, don Zakiya ta nuna mini wanne ne kai. Ka ɗaga hannu ko da ba ka gan ni ba.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifiyarka