Kun Ƙara Kuɗin Madara, Kun Kasa Jiran Karsana

Zuwa ga Manajan kamfanin da ke sayen madara a rugagen Kazage,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya.

Mutane da yawa suna zaton da zarar an ƙara wa abu kuɗi, washegari zai cika kasuwa. Ɗalibaina ma haka suke amsawa kafin mu zauna mu warware, kuma ina jin daɗin warware musu, don su yara ne. Takaicina shi ne kamfaninku ma haka ya zata, abin kuma ya ƙare a kan yayata.

Ni malamin firamare ne, a ruga aka haife ni. Yayata, Adda Hajjo, tana cikin matan da suka fara kawo muku madara.

Na ɗaya. Shekarar da kuka ƙara farashi, kun ce a ninka madara kafin rani ya fita. A ɗan wannan lokaci hanya ɗaya ce: a ci rabon maraƙi. Mu dai mun saba a saki maraƙi ya tsotsa har nono ya sauko, a janye shi a tatsa, sannan a bar masa nasa. Matan da suka biye wa ma'aikatanku suka riƙa tatsewa ƙarƙaf. Kafin ruwa ya sauka, maruƙansu sun rame, wasu sun mutu. Adda ta ƙi. Ma'aikacinku ya faɗa mata a gaban jama'a wai Fulani ba su san ciniki ba.

Na biyu. Ta san ciniki. A wurinmu madara ta mace ce, amma saniya ta maigida. Ta yi ta lallashin mijinta har ya fasa sayar da karsana biyu da ya ware wa kasuwa. Daji ya ƙi shiguwa saboda rashin tsaro, kiwo ya ƙuntata, ta riƙa saya musu dusa da harawa. Karsana sai ta shekara uku ko huɗu kafin ta haihu. Wannan ita ce amsar makiyayi ga farashi, ba ta da gajeriyar hanya.

Na uku. Ba ku jira ba. Kun ce ƙarin bai motsa mu ba, kuka rage farashin, daga baya motarku mai ɗaukar madara ta daina zuwa. Bana karsanan nan duka biyun sun haihu. Madara ta zo, babu mai saye. Adda tana ɗaukar ƙwarya zuwa kasuwa, ta tarar kowace mace ta zo da tata, ta dawo da rabi. Mijinta ya ce bayan girbi zai sayar da shanun biyu, kuma ba zai ƙara jin shawarar mace a kan dabba ba. Da na je ba shi haƙuri, cewa ya yi, “Malam, kai da ka yi boko, ina motar?” Shi ya sa nake rubuto maka.

Roƙona, ku dawo da motarku kafin a gama girbi. Idan za ku sa farashi, ku tsaya a kansa har karsana ta zama uwa. Ku kuma hana ma'aikatanku zuga mata su hana maruƙa nono.

In kana shakkar maganata, ranka ya daɗe, ka zo rugarmu da hantsi. Adda za ta ba ka ƙwarya. Ka durƙusa ka tatsa da hannunka, maraƙi yana kuka a gefenka, ka ga iyakar abin da za ka iya hana shi.

Allah ya ba ka lafiya, ya ba kamfaninku haƙuri irin na makiyayi.

Wassalam.

Malam Sambo,
Kazage, Birnin Gwari