Na Sa Ka Cikin Wasan Bello

Malam,

Bayan gaisuwa da addu'a. Na san ba ka karanta wagga takarda, amma ko da kana da rai yaushe ka taɓa saurarena har ƙarshe?

Bodinga lafiya lau, sai tsada. Sabulu ya zama abin ɓoyo, shinkafa sai a rediyo. Albasarka ta fadamar Danchadi ta yi kyau bana.

Jikanka Bello, angon nan nawa marar ko tabarma, ya dawo hutu daga Sakkwato da wani littafin Turawa mai kaurin tubali, cike da dodanni da gajerun mutane masu gemu. Wai daga irinsa anka fitar da wani wasa. Shi ka ba da labari, yara su zaɓi hanyar da za a bi, a jefa ɗan ƙashi mai ɗigo irin na lido, shi yanke hukunci. Da rana tsaka, Malam! Ba a ce mai tatsuniya da rana ɓata yake ba? Kuma in ba caca ba ce, mi ne ne ƙashin?

Tun da ka tafi ban sake buɗe baki da tatsuniya ba. Wa zai katse ni kamar kai, ya ce da yarinyar cikin labarin ta bi ta ɗaya hanyar fa? Ina harararka, amma dominka nake ƙara tsawonta. Ban taɓa faɗa maka ba.

Jiya sunka ja ni ciki, wai in zaɓi ko wa nake so in zama. Na zaɓi tsoho mai noman albasa da gardama. Sunka nemi sunansa. Ina ni ina faɗin sunanka? Har 'yar autar ɗiyarmu Hajo ta Shagari sai da ta gane, ta rufe baki.

Munka shiga kogo, ƙashi ya faɗi, Bello ya ce dodo ya kashe ka. Wai kada in damu, akwai ruwan da ke tashin matacce, in na so.

Malam, ya halatta? Ka sha wuya a jinyarka, in sake taso ka? In kuma na ƙi, mi na yi?

Na tashi duba tuwon da ban ɗora ba. Yau da la'asar suna jiran amsata. Ina jin zan taso ka, amma wagga rana ni za ni ba da labarin, ba Bello ba. Katse ni in ka iya.

Allah Shi kai haske kabarinka.

Taka mai surutu,
Inna