Kwamfutoci Huɗu da ke Jiran Baƙi

Najmuddeen Babayo,
Malamin Sashen Manhaja,
Cibiyar Haske ta Koyon Kwamfuta,
Azare.
8 ga Mayu, 2025.

Zuwa ga Alhaji Abdulmumini Sherif,
Shugaban Kwamitin Amintattu.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: HANA ƊALIBAI AMFANI DA SABABBIN KWAMFUTOCI

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman izinin gabatar da ƙorafi kamar haka.

1. Tun watan Janairu nake koyar da emuleta, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta kwaikwayi na'urar wasan bidiyo. Da ita ɗalibi yake gwada wasan da ya ƙirƙira ba sai ya mallaki na'urar ba. Tsofaffin kwamfutocinmu suna kwaikwayon na'urorin zamanin da lafiya lau. Na baya-bayan nan kuwa sun fi ƙarfinsu: hoto ya riƙa rarrafe, sauti na in'ina, ga zafin Mayu, minti goma su mutu.

2. Ɗalibata Meram Babakura ta ƙirƙiri wasan ɗan acaɓa da ke ɗauko fasinja daga Chinade zuwa Azare yana kauce wa awaki da ramuka. Za ta kai shi gasar ɗalibai a Bauchi ranar 17 ga Mayu. A kwamfutarmu, ranka ya daɗe, mai tafiya a ƙasa zai riga babur ɗin isowa. Meram ta kasa gane ko kuskuren daga aikinta yake ko daga injin, abin da ba a gani kuwa ba a gyara shi.

3. Akwai sababbin kwamfutoci huɗu da kwamitinku ya kawo bara. Suna ɗakin ciki, cikin ledarsu, an jera su kamar kwanukan amarya. Ranar 28 ga Afrilu na roƙi mai kula da cibiya, Malam Ladan, makulli. Ya ce waɗannan na baƙi ne, ba a buɗe su sai manya sun zo ziyara. Ranar 5 ga Mayu na koma, ya ce mini in yi haƙuri, kaya masu tsada ba na wasa ba ne. Na ce wasan nan shi ne darasin. Ya miƙo mini goro.

Ina ganin girman Malam Ladan, shi ya koya mini riƙe linzamin kwamfuta. Amma shekara guda ke nan muna gadin leda, kuma ba wanda abin ya dama.

Don haka ina roƙon a ba da umarnin buɗe ɗakin kafin ranar gasa. In kuwa ƙa'idar ba ta taɓuwa, to ina gayyatarka, ranka ya daɗe, ka zo mana baƙunci ranar Litinin, 12 ga Mayu, da ƙarfe goma. Malam Ladan zai cire leda da hannunsa. Abin da muke roƙo kawai, ka daɗe a zaune, awa uku za su ishi Meram.

Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Najmuddeen Babayo